Wace ƙofa za ka buɗe wa kwantena a faifan sabarka?

Ran nan bayan sallar isha'i wani ƙanena ya kira ni. Shi ke kula da kwamfutar wani babban shagon sari a Agege, inda ake sayar da shinkafa da man gyaɗa da taliya buhu-buhu, katan-katan. Ya ce, "Yaya, don Allah in kana da sarari gobe ka leƙo. Alhaji yana so wani ya duba aikin da na yi kafin ya wuce Kano." Washegari na hau jirgin ƙasa daga Yaba na sauka Agege.

Sabar tasu, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajojin shagon da bayanansa, tsohuwar Dell ce 'yar tokumbo da aka sayo a Computer Village ta Ikeja. Tana ƙarƙashin teburin akawu kusa da batiran inbata, an ɗora mata faifan ajiya na waje mai igiyar USB. Ubuntu, wani nau'in Linux, ke kanta, da kwantena uku na Docker, tsarin da ke gudanar da kowace manhaja a keɓe: ɗaya na Postgres, ma'ajiyar bayanai mai riƙe da lissafin kaya da bashin da ake bin 'yan kasuwa, ɗaya na manhajar da akawu ke shigar da ciniki, na ukun kuma wata 'yar manhajar duba fayiloli ta burauza, don Alhaji ya riƙa ganin hotunan rasit da takardun lodi a wayarsa duk inda yake. Yaron ya yi ƙoƙari ƙwarai, shi kaɗai ya koya wa kansa. Amma a cikin fayil ɗin compose, inda ake rubuta tsarin kwantenonin, na ga layi ɗaya da ya sa na gyara zama: `- /:/srv`, wato an buɗe wa manhajar duba fayilolin faifan sabar gaba ɗaya.

Na karɓi wayar Alhaji, na shiga manhajar, na taɓa folda mai suna etc, na taɓa shadow. Nan take fayil ɗin da Linux ke adana sawun kalmomin sirrin kowa ya buɗe a fuskar waya. Na koma baya na shiga root, na shiga .ssh, ga makullan sabar a zube. Duk wanda ya cinki kalmar sirrin wannan 'yar manhaja, ko ya samu kafa a cikinta, sabar ɗungurungum ta zama tasa. Ƙanena ya yi shiru. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, ni ban san wannan karatun naku ba. Ka faɗa mini wanne ya fi aminci, kuma me zai ci mini." Amsar da na ba shi ce nake so in shimfiɗa a nan, don na san da yawa daga cikinmu masu ɗan taɓa sabar a Legas wannan zaɓi ne muke yi a gurguje.

Sunan kwantena kansa yana ruɗar mu. Mu da muke ganin kwantena kullum a bayan tirela kan hanyar Apapa zuwa Oshodi, da an ce kwantena sai mu ga ƙarfe ta ko'ina, ƙofa a garƙame da hatimi. Na Docker ba haka yake ba. Manhaja ce kawai da ke gudana a kan kenel ɗin Linux (zuciyar tsarin) ɗaya da sauran na'urar, sai dai an rufe mata ido don kada ta ga maƙwabta, an kuma ƙayyade mata abin da za ta ci na ƙwaƙwalwa da ƙarfin injin. Ya fi kama da ɗakin baƙo a cikin gida: katanga ɗaya, rufi ɗaya, mai masauki, wato sabar kanta, shi ke yanke ko wane makulli zai ba shi. Abu na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba: a tsarin Docker na yau da kullum, root na cikin kwantena, wato mai amfani mai cikakken iko, lambarsa 0, kuma wannan 0 ɗin ita ce dai ta root na mai masauki. An rage masa iko, daga ire-iren iko 41 da kenel ke da su Docker 14 kawai ke bar masa, amma cikin waɗanda aka bari akwai na tsallake izinin fayil da na canza mai fayil. Don haka duk foldar da ka nuna masa, ba ya buƙatar sallama kafin ya shiga.

Baƙo raɓa ne. Kwantena ma haka yake, ana goge shi a sake wani, abin da ya rubuta a jikinsa ya tafi da shi. Shi ya sa dole a ba shi wurin ajiya a faifan mai masauki. Tambayar da nake auna kowace hanya da ita guda ce: in gobe manhajar da ke ciki ta faɗa hannun ɗan kutse, me hannunsa zai kai gare shi?

Hanyar da kowa ke fara koya ita ce ɗaura folda, wato ka ce wa Docker ya ɗauki wata folda ta mai masauki ya nuna ta a cikin kwantena, da `-v` ko da `--mount type=bind`. Daɗinta a fili yake. Fayilolinka suna inda ka sani, kana ganin su da `ls`, kana kwafe su da rsync, in ka cire faifan waje ka kai wata kwamfutar suna nan. Ga hotunan rasit na Alhaji, waɗanda akawu ke zubawa kullum daga sikana, babu hanyar da ta fi ta dacewa. Haɗarinta yana wuri biyu: faɗin abin da ka ɗaura, da ko ka bar damar rubutu.

Maganar faɗi ba `/` kaɗai ba ce. Wanda ya ɗaura `/etc` da damar rubutu ya ba kwantena hanyar ajiye fayil a `/etc/cron.d`, kuma mai masauki da kansa zai gudanar da umarnin da ke ciki a matsayin root in lokacinsa ya yi. Wanda ya ɗaura `/home` ko `/root` ya ba shi hanyar ƙara makullinsa a `authorized_keys`, ya dawo ta babbar ƙofa da SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, kamar ɗan gida. Wanda ya ɗaura `/var` ya haɗa har da `/var/lib/docker`, inda kayan sauran kwantenonin suke. Akwai kuma wata dabara mai sanɗa da ke aiki ko da foldar ƙarama ce: root na ciki zai iya ajiye wata manhaja a foldar, ya sa mata alamar setuid, wadda ke sa ta gudana da ikon mai ita. Duk wani ƙaramin mai amfani a mai masauki da ya gudanar da ita, root ya zama. Maganin wannan shi ne a ɗora faifan bayanai da `nosuid` da `nodev` a `/etc/fstab`, fayil ɗin da ke tsara ɗora faifai, har da `noexec` in ba abin da ke buƙatar gudana daga can. Kalmomi uku ne, amma kaɗan ne cikinmu ke rubuta su.

Ƙara `:ro` a ƙarshen layi yana mayar da foldar ta karatu kawai, kuma ina ganin ya kamata hannun mutum ya saba da shi har ya zama sai da dalili yake cire shi. Manhajar Alhaji duba rasit ne aikinta, me za ta yi da damar gogewa? Sai dai `:ro` ba ya rufe ido. Ɗaura `/` a matsayin karatu kawai bai hana a karanta shadow ba, bai hana a kwafe makulli ba, bai hana a ɗebe fayil ɗin `.env` mai kalmar sirrin Postgres ba. Kuma kafin Docker 25 da ya fito a Janairun 2024, in foldar da ka ɗaura tana da wani faifai da aka ɗora a ƙarƙashinta, wancan na ƙasa yana nan da damar rubutunsa duk da `:ro`. An gyara wannan ga masu kenel 5.12 zuwa sama. Tsofaffin sabar da ba a sabunta ba suna nan birjik a ofisoshinmu, don haka ka duba naka.

Akwai wata matsala da littattafan koyarwa ba sa damuwa da ita, mu kuwa a Legas abincin yau da gobe ce. An ɗauke wuta, inbata ta yi iya yinta ta mutu, an tada janareta, sabar ta tashi. Docker ya riga faifan USB shiryawa. In da `-v` ka yi amfani kuma foldar ba ta nan, Docker ba ya ƙorafi, sai ya ƙirƙiro sabuwa fanko, mallakin root, a kan babban faifai, kwantena ya ci gaba da rubutu a can. Daga baya faifan waje ya hau ya rufe abin da aka rubuta. Akawu ya rantse ya shigar da rasit ɗin jiya, kai ka duba babu, babban faifai kuma yana ta cika ba ka ga dalili ba. `--mount` kuwa in bai ga foldar ba ƙin tashi yake yi, kuma kwantenan da ya ƙi tashi ya fi wanda ke zuba kaya a wurin da ba nasa ba. Ka haɗa da rubuta faifan da lambar UUID a `/etc/fstab`, ka kuma sa `RequiresMountsFor=` a tsarin systemd na Docker don ya jira faifai tukuna.

Hanya ta biyu ita ce rumbun da Docker ke ginawa da kansa, `type=volume`. Kai suna kawai kake bayarwa, misali `lissafi`, shi ya ware wuri a `/var/lib/docker/volumes`. Amfaninsa na tsaro mai sauƙi ne amma babba: ba ka rubuta hanyar wata folda ba, don haka ba za ka yi kuskuren rubuta wadda ta fi ƙarfin buƙata ba. Abin da ke cikin rumbun na wannan kwantenan ne, babu fayil ɗin tsarin mai masauki a ciki da za a lalata, ƙananan masu amfani a sabar kuma ba sa iya leƙa wurin. In rumbun sabo ne fanko, Docker yana kwafo masa abin da ke wannan wuri a cikin hoton kwantenan (samfurin da ake gina shi daga gare shi) har da mallakarsa, shi ya sa rigimar izini ba ta cika tasowa ba. Ga Postgres da ire-irensa, waɗanda babu ɗan Adam da ya kamata ya riƙa taɓa fayilolinsu da hannu, ni rumbu nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Amma kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Rumbu ba ɓoye bayanai yake yi ba; wanda ya saɓi Dell ɗin nan a kafaɗa ya fita da ita zai karanta komai, sai in an rufe faifan gaba ɗaya da LUKS, tsarin Linux na kulle faifai da kalmar sirri. Yana zaune a babban faifai, in ya cika sabar duka ta ji a jikinta. Kuma saboda ba a ganinsa, ana mantawa da shi wajen ajiyar kwafi. Harafi ɗaya ne tsakanin `docker compose down` da `docker compose down -v`, na biyun yana tafiya da rumbunan duka, da bashin shekara uku a ciki. Wanda ya zaɓi rumbu wajibi ne ya tsara `pg_dump`, umarnin fitar da kwafin Postgres, kullum dare, ya kai kwafin wani wuri da babu kwantenan da ke da damar rubutu a kansa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mutane ke tsallakewa. Masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa suna bin duk inda hannu ya kai. In kwafinka yana cikin foldar da aka ɗaura wa kwantena, tare za a kulle su. Wani abu kuma: za ka ga wasu suna ƙirƙirar rumbu da `o=bind` da `device=` mai nuna wata folda. Wannan ɗaurin folda ne da rigar rumbu, hukuncinsa na ɗaurin folda ne.

Ga tarkacen wucin gadi akwai `tmpfs`, wanda ke zaune a ƙwaƙwalwar na'ura ya ɓace da zarar kwantena ya tsaya. Haɗa shi da `--read-only` yana hana ɗan kutse ajiye kayan aikinsa a jikin kwantenan. Ka sa masa iyaka don kada ya cinye ƙwaƙwalwar, shi ke nan.

Hanya ta uku ita ce miƙa faifai ɗanye da `--device /dev/sdb`. A nan lissafi ya canza gaba ɗaya. Izinin fayil, wa ke karanta me, tsarin fayiloli ne ke tsare shi daga sama. Wanda aka ba faifan kansa ta ƙasa yake bi, kamar wanda ya haƙo rami ya ɓullo tsakar ɗaki, ƙofa da kwaɗonta suna nan a rufe. Ba ya ma buƙatar ɗora faifan. Da `debugfs` zai karanta duk fayil ɗin da ke ext4, da `dd` zai kwafe shi ko ya shafe shi. Docker kuma in ba ka ce komai ba karatu da rubutu duka yake bayarwa, sai ka ƙara `:r` da kanka. Ga kuma matsalar suna: faifan da yake `sdb` yau, in wuta ta ɗauke ko an soka wani filashi, yana iya tashi `sdc` gobe, wani daban ya gaji sunansa. Sai ka ga ka miƙa wa kwantena faifan da ba ka yi niyya ba. Akwai ayyukan da ke buƙatar haka, kamar duba lafiyar faifai ko tsara sabo, amma yawancinsu gara a yi su a kan mai masauki kai tsaye. In dole ne, faifan ya zama na wannan aikin kaɗai, ba wanda Ubuntu ke zaune a kai ba.

`--privileged` kuwa ba ƙofa ba ce, rushe katanga ne. Yana mayar wa root na ciki dukkan ikonsa, ya nuna masa dukkan na'urorin `/dev`, ya ɗage shingayen tsaro na seccomp da AppArmor. Umarni ɗaya, `mount /dev/sda2 /mnt`, ya isa ya ga babban faifai. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake samun sa: kwantena ya ƙi aiki, mutum ya bincika a intanet, wani ya ce ƙara wannan kalmar, aiki ya tashi, aka bar ta har abada. Sau da yawa iko ɗaya tak ake buƙata, wanda `--cap-add` zai bayar shi kaɗai.

Akwai fayil ɗaya da ba ya kama da faifai ko kaɗan amma ya fi su duka nauyi: `/var/run/docker.sock`. Ta nan ake ba Docker umarni, Docker kuma root ne. Kwantenan da aka ɗaura wa wannan soket zai iya cewa a tada masa wani sabon kwantena mai `-v /:/host`, Docker ya yi masa ba tambaya. An ba kura ajiyar nama ke nan. Kuma kada `:ro` ta yaudare ka a nan; tana hana goge fayil ɗin soket ne, ba ta hana magana ta cikinsa. Manhajoji sanannu irin Portainer da Traefik da Watchtower suna neman sa don aikinsu ya dogara da shi, ba don mugunta ba, amma ma'anarsa ita ce amincin sabarka ya koma daidai da amincin wannan manhajar. In ba makawa, a sa ƙaramin mai tace buƙatu a tsakani wanda zai bar tambayoyin karatu kawai su wuce, kuma kada shafin sarrafa ta ya fuskanci intanet. Hukunci ɗaya ne da sa mutum a rukunin `docker`: ka ba shi root ba tare da kalmar sirri ba. Haka buɗe tashar 2375, wadda masu satar ƙarfin sabar don haƙar kirifto ke yawon nema dare da rana.

Duk abin da na faɗa yana sauƙi ko tsanani gwargwadon wanda ke gudana a ciki, kuma a ganina nan ne ribar ta fi yawa. Mataki mafi arha shi ne `--user` ko `user:` a compose: ka ƙirƙiri mai amfani na musamman a mai masauki, ka mallaka masa foldar rasit kaɗai, ka gudanar da kwantenan da lambarsa. Ko an shiga, abin da wannan lamba ke iya taɓawa kawai za a taɓa. Ka ƙara `--cap-drop ALL` da `no-new-privileges`. Mataki na gaba shi ne sauya lambobi, inda root na ciki ke zama wata lamba marar iko a waje, yawanci daga 100000 zuwa sama kamar yadda aka rubuta a `/etc/subuid`. Docker yana yin haka da `userns-remap`. Masu Proxmox kuma sun san shi a kwantenonin LXC marasa gata. Sai kuma gudanar da injin gaba ɗaya ba tare da root ba, wanda ya zauna da gindinsa a Docker 20.10 a Disambar 2020, Podman na Red Hat kuwa a kan haka ya yi suna.

Farashinsa ciwon kai ne na izini, ba zan ɓoye ba. Fayiloli su bayyana mallakin `nobody`, manhaja ta ce an hana ta rubutu, ka kwana kana daidaita lambobi. A nan ne gajiya ke sa mutum ya buga `chmod 777` ya tafi barci, ya buɗe wa kowa da kowa abin da ya zo rufewa. Haƙuri ya fi: `chown` zuwa lambar da ta dace, ko `--userns=keep-id` ga mai Podman. Kuma a tsarin da babu root, root na ciki kai ne, mai amfanin da ya tada shi. In ka ɗaura masa gidanka, makullanka na SSH suna hannunsa. Don haka a ware masa mai amfani na daban wanda ba shi da sudo, wato damar aron ikon root. Masu Fedora ko Rocky suna da ƙarin katanga ta SELinux, da alamomin `:z` da `:Z`. Su yi hattara kada su sa su a `/home` ko `/usr`, domin suna sake wa fayiloli tambari har mai masaukin kansa ya kasa amfani da su.

Ko ba ka ɗaura komai ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon ya taɓa tsagewa. A Fabrairun 2019 aka bayyana CVE-2019-5736, wadda ke ba root na cikin kwantena damar rubutu a kan runc na mai masauki, manhajar da ke tada kwantena. Waɗanda suka sauya lambobi ba ta kama su ba, saboda root ɗinsu ba root ba ne a waje. A Maris 2022 aka bayyana Dirty Pipe a kenel 5.8 zuwa sama, wadda ke ba da damar rubutu a fayil ɗin da aka ce na karatu ne kawai, ta nuna cewa `:ro` ma a kan lafiyar kenel take tsaye. A ƙarshen Janairun 2024 kuma CVE-2024-21626 ta sake buɗe hanya daga kwantena zuwa fayilolin mai masauki, aka toshe ta a runc 1.1.12. Darasin da na ɗauka biyu ne: sabunta kenel da Docker aiki ne na wata-wata, kuma manhajar da ba ka yarda da ita ba, ko wadda dole sai ta samu faifai ɗanye ko cikakken iko, wurinta injin kwaikwayo ne mai kenel nasa, irin KVM. Zai ci maka ƙwaƙwalwa, tsohuwar na'ura mai giga 8 za ta ji nauyi, amma katangar ta gaske ce. Masu aiki da Kubernetes, tsarin sarrafa kwantenoni masu yawa, a kamfanonin Yaba da Victoria Island za su gane wannan muhawara a `hostPath`, wanda ƙa'idojin tsaron Kubernetes suka haramta tun daga matakin farko na takurawa.

Na gaya wa Alhaji cewa abin da ke cikin Dell ɗin nan ba nasa kaɗai ba ne. Akwai sunaye da lambobin wayar mutanen da yake bi bashi daga Mile 12 har Sango, da nawa ake bin kowa, da hotunan katin shaidar direbobin da ke ɗauko masa kaya. Amana ce, kuma asirin ɗan kasuwa bashinsa ne. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, da sanar da hukumar kare bayanai, NDPC, cikin awa 72 in aka yi kutsen da zai iya cutar da masu su. Ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan na gane shi sarai."

Ga abin da muka yi kafin la'asar. Postgres ya koma rumbu, da `pg_dump` kowane dare zuwa wata folda a faifan waje wadda babu kwantenan da ke ganinta. Manhajar akawu ta samu folda ɗaya tak, `/mnt/faifai/rasit`, da damar rubutu, tana gudana da lambar wani sabon mai amfani marar sudo. Manhajar Alhaji ta samu wannan foldar dai da `readonly`, kuma muka janye ta daga fuskar intanet, sai ta WireGuard, keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa mai kulle, ake isa gare ta. Babu `--device`, babu soket, babu cikakken iko. Ba mu koma tsarin da babu root ba a ranar, don ƙanena ne zai riƙe sabar shi kaɗai, na fi so ya fara gwada Podman a kwamfutarsa ya saba tukuna. Tun da layin nan ya daɗe a buɗe, muka canza duk kalmomin sirri, muka goge tsofaffin makullan SSH muka yi sababbi, muka karanta `/etc/cron.d` da `authorized_keys` layi-layi.

Sai muka gwada. Na kashe sabar, na zare igiyar faifan waje, na kunna ta. Kwantenonin suka ƙi tashi. Na mayar da igiya, muka sake kunnawa, komai ya dawo. Alhaji ya buɗe wayarsa ya ga rasit ɗin shinkafar safiya, na ce, "Ranka ya daɗe, gwada goge shi." Ya danna, manhaja ta ƙi. Ya nemi foldar etc ɗin nan da na nuna masa ɗazu, ya yi sama ya yi ƙasa bai gan ta ba. Ya miƙa wa ƙanena wayar ya ce ya rubuta masa sabuwar kalmar sirri a takarda, zai sa a aljihun ciki kafin motar Kano ta tashi.